The Age of Innocence (1993): fim ɗin da aka yanka mutum ba a ga jini ba

Sau biyu na kalli fim ɗin nan kafin na zauna rubuta wannan, kuma abin da na gani a kallon farko daban, na biyu daban. Na farko ni kaɗai ne a waya da daddare, na gama ina jin haushin May, matar jarumin fim ɗin, ina tausayin mijinta Newland kamar ɗan uwana. Na biyu a laftof ne tare da Yayata da ta zo mana kwana biyu, ba a fi minti 40 da farawa ba ta nuna May da yatsa tace "kai, yarinyar nan fa ta san komai, kallonsu kawai take yi." Ni na riga na san ƙarshen labarin, amma a zatona sai can wajen ƙarshe May ta farga, shi ya sa nace haba Yaya, tun yanzu? Tace "kalli idonta ka daina kallon bakinta." Daga nan har aka gama idon May nake kallo, kuma wallahi sai fim ɗin ya koma min wani fim dabam.

Ina gaya muku tun yanzu, zan faɗi yadda labarin ya ƙare, don babu yadda za a yi maganar fim ɗin nan da gaske ba a taɓa ƙarshensa ba. Wanda baya son a ɓata masa kallo ya je ya kalla ya dawo.

Martin Scorsese ne ya ba da umarni, kuma duk wanda ya san mutumin nan ya san shi da finafinan 'yan daba da bindiga da jini, irin su Taxi Driver da Goodfellas, to sai ga shi a 1993 ya fito da fim ɗin da daga farkonsa har ƙarshe ko mari ba a yi ba, sai cin abinci da gaisuwa da aika furanni. An ɗauko labarin ne daga littafin Edith Wharton na 1920, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 1921, ita ce mace ta farko da ta ci wannan kyautar a ɓangaren ƙagaggen labari. Kuma matar nan ba labarin wasu ta ji ta rubuta ba, a cikin manyan gidajen New York ɗin aka haife ta a 1862, ita kanta aurenta ya mutu a 1913, ta koma Faransa da zama har ta rasu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kana kallo kana jin hakan.

Labarin a New York ne wajen shekarun 1870, cikin wasu 'yan tsirarun gidaje masu tsohon kuɗi da suke auren junansu, kowa ɗan uwan kowa ne ko surukin kowa. Newland Archer, wanda Daniel Day-Lewis ya fito a matsayinsa, matashin lauya ne ɗan babban gida, an yi masa baiko da May Welland, ita kuma Winona Ryder ce, yarinya kyakkyawa mai kunya mai tarbiyya, irin wadda kowace uwa za ta so ɗanta ya kawo mata. Ana cikin haka sai 'yar uwar May, kakarsu ɗaya, Ellen Olenska, wato Michelle Pfeiffer, ta dawo daga Turai. Ta auri wani ɗan sarauta na ƙasar Poland, ya wulaƙanta ta da neman mata da sauran abubuwan da fim ɗin bai tsaya lissafawa ba, ta tattaro ta baro masa gidansa. Wato dai yaji ta yi wanda babu niyyar komawa, kuma igiyar auren tana nan bata tsinke ba. Ta dawo gida tana zaton dangi za su rungume ta, su kuma dangin abin da ya dame su shi ne me mutane za su ce.

Farkon abin da ya taɓa ni shi ne wata liyafa. Dangin suka shirya cin abinci don a gabatar da Ellen ga manyan gari, aka raba katin gayyata, sai amsoshi suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana ba da haƙuri cikin ladabi wai ba zai samu zuwa ba. Babu wanda ya zage ta, babu wanda yace mata ke bazawara ce ko 'yar iska ce, kawai kowa ya samu uzuri a rana ɗaya. Wannan shi ne kisan mummuƙe, kuma fim ɗin gaba ɗaya a kan haka aka gina shi. Sai da Newland da mahaifiyarsa suka je suka roƙi gidan van der Luyden, waɗanda su ne ƙololuwar garin, su kuma suka gayyaci Ellen tasu liyafar da suka shirya wa wani basarake baƙo daga Ingila, sannan kowa ya dawo yana mata murmushi kamar ba a yi komai ba.

To ita Ellen so take ta kai ƙara kotu a raba auren ta huta. Dangi suka ce a'a, za a tona asiri, don mijin ya rubuto wasiƙa yana zarginta da sakatarensa wanda ya taimaka mata ta gudu, in aka shiga kotu jaridu za su ɗauka. Wa za a tura ya lallashe ta? Newland, tunda lauya ne kuma ya kusa zama surukin gidan. Ya je ya zauna a falonta ya yi mata bayani cewa dokar ƙasa ta yarda da saki amma jama'ar gari ba su yarda ba, kuma ita mace ce, duk abin da aka faɗa a kanta ko ƙarya ne zai manne mata. Ta saurare shi ta janye maganar. Ka riƙe wannan wurin da kyau, don a nan mutumin nan ya ɗaure kansa da hannunsa. Da bakinsa ya rufe ƙofar da daga baya zai zo yana bugawa yana kuka, don lokacin da ya gane son Ellen ya kama shi, ita ce ta tuna masa cewa ai kai ka hana ni zama 'yantacciya, kai ka koya min cewa mutum baya gina farin cikinsa a kan hawayen wasu.

Na san abin da mai kallo ɗan wajenmu zai fara cewa, don Yaya ma ta faɗa: to ya auri May ɗin daga baya ya ƙaro Ellen mana, ai ba 'yan uwa ciki ɗaya ba ne. Amma can babu wannan hanyar, mace ɗaya doka ta sani, sannan ko da akwai, Ellen matar wani ce, da aurenta a kanta. Ta kowace fuska ka duba haramtacciya ce gare shi, kuma abin da na yaba wa fim ɗin shi ne bai yi ƙoƙarin wanke wannan ba, bai ce maka ai so ne don haka komai ya halatta ba. Ya bar ka da nauyin abin a ƙirjinka kamar yadda ya bar su.

Yanzu maganar Newland. A kallon farko na ɗauke shi wanda aka zalunta, a na biyu na ga mutum ne mai son ya ci tuwo biyu da hannu ɗaya. Kullum yana aika wa May ƙananan fararen furanni, rannan ya shiga shagon ya ga wardi ruwan ɗorawa ya aika wa Ellen, ya cire katin sunansa. Da ya ji zuciyarsa na neman fin ƙarfinsa, maimakon ya tsaya ya faɗi gaskiya sai ya hau hanya har Florida inda su May suke hutu yana roƙon a matso da ranar biki. A nan May ta dube shi ta tambaye shi kai tsaye, akwai wata ne? Tace in akwai wadda ka yi wa alkawari kada ka karya saboda ni, bana son farin cikina ya zama an zalunci wata. Jama'a yarinyar nan ta buɗe masa ƙofa da hannunta, a lokacin ba a ɗaura komai ba, kalma ɗaya zai faɗa ya fita. Yace babu kowa. Ya dawo New York ya je wajen Ellen yana zuba mata kalaman so har yana durƙusawa yana sumbatar takalminta, suna cikin haka wayar tangaraho ta iso daga May cewa iyaye sun amince an matso da bikin. Abin da ya roƙa da bakinsa aka ba shi.

Shi ya sa ni ban yarda da masu cewa al'ada ce kaɗai ta kashe shi ba. Al'adar tana da nata laifin, babba ma, amma shi ma yana son al'adar nan, yana son kujerarsa a gidan wasan waƙe, yana son ɗakin karatunsa da littattafan da ake aiko masa daga Landan, yana son a gan shi mutumin kirki. A baki yana cewa mata ma ya kamata su samu 'yanci kamar maza, amma duk lokacin da aka zo wurin da zai biya kuɗin maganar sai ya ja baya ya jira ƙaddara ta yanke masa. Akwai wani sin a Newport, garin shaƙatawa na bakin teku, bayan aure, kakar su May ta aike shi ya kira Ellen daga bakin ruwa, ya hango ta tsaye a kan gadar jirage ta juya baya, rana tana faɗuwa ruwan ya koma kamar zinariya, ga wani jirgin ruwa mai filafilai yana tafiya a hankali zai wuce hasumiyar fitila. Sai yace a ransa, in ta juyo kafin jirgin nan ya wuce hasumiyar zan je wajenta, in bata juyo ba shi kenan. Jirgi ya wuce bata juyo ba, ya koma yace bai gan ta ba. Sin ɗin yana da kyau har ka ji kamar ka tsayar ka yi ta kallo, amma ka duba abin da ya yi, ya ɗora wa jirgin ruwa shawarar da shi ya kamata ya yanke. Daga baya ma Ellen ta gaya masa ta san ya zo, ta gane keken dokin, da gangan ta tafi bakin ruwan kuma da gangan ta ƙi juyowa.

Day-Lewis ya yi ƙoƙari matuƙa a rol mai wahala, don an ba shi mutumin da baya faɗin abin da ke ransa, dole sai dai ka gani a muƙamuƙinsa da yadda yake riƙe alƙalami ko sigari. Akwai wani dare da yake zaune da May tana ɗinki, ya tashi ya buɗe taga cikin sanyi wai yana neman iska, ya juyo yana kallonta sai tunani ya zo masa cewa ai tana iya mutuwa ya samu 'yanci. Yana wannan tunanin yana shafa kanta cikin tausasawa. Tsigar jikina ta tashi a wurin nan, don babu ihu babu kiɗan tsoro, mutumin kirki ne kawai zuciyarsa ta kai shi inda bai taɓa zaton za ta kai shi ba.

Sin ɗin da kowa yake magana a kai kuwa shi ne na cikin keken doki. Kakar ta samu shanyewar ɓarin jiki, aka kira Ellen daga Washington, Newland ya ƙirƙiro dalili ya je tashar jirgin ƙasa ya ɗauko ta, kuma a keken matarsa May ya je, wannan ma abin lura ne. Suna zaune ana zuba dusar ƙanƙara a waje, ya cire safar hannunsa, ya kama hannunta ya ɓalle maɓallin safarta ɗaya bayan ɗaya ya sumbaci wuyan hannun. Iya abin kenan fa. Fim ɗin babu tsiraici ko kaɗan, mutanen a rufe suke ruf daga wuya har ƙafa, amma ɓalle maɓallin nan ya fi abin da wasu finafinan suke nunawa nauyi, saboda an sa ka jira sama da awa ɗaya kana ganin ko hannu ba sa iya haɗawa. A cikin keken ne yake ce mata yana son su tafi wata duniya inda babu kalmomi irin su dadiro da cin amana, ita kuma ta tambaye shi ina ƙasar take, ka taɓa zuwa? Ita ta zauna a Turai ta ga waɗanda suka gudu neman wannan ƙasar da inda suka ƙare. A duk fim ɗin Ellen ta fi shi sanin duniya, ta fi shi ƙarfin hali, kuma ita ce take riƙe da linzamin da shi ya kasa riƙewa.

Michelle Pfeiffer ta burge ni a wuraren shiru, musamman dariyar nan tata da take fitowa kamar za ta koma kuka. Amma akwai wuraren da na ji kamar 'yar zamanin 1993 ce aka sa wa kayan da, yadda take motsi da magana bai cika zama na matar da ta shekara da shekaru a gidajen sarautar Turai ba. Ba a sa sunanta a takarar Oscar ba, kuma duk da ina sonta a fim ɗin ban ga an zalunce ta sosai ba.

Wadda aka sa ita ce Winona Ryder, a jaruma mai taimakawa, kuma ta ci Golden Globe da rol ɗin. A Oscar ɗin 1994 Anna Paquin ce ta doke ta, yarinya 'yar shekara 11 a fim ɗin The Piano. Ni dai har yanzu ina ganin Winona ta cancanta, don abin da ta yi ba ƙaramin aiki ba ne, ta yaudari mijinta a cikin fim ta kuma yaudari mai kallo a waje. Muryar mai ba da labari tana ta gaya mana yadda Newland yake ganin May, wai babu komai a cikin kanta, wai ko an buɗe mata ido ba abin da za ta gani, mu kuma muka yarda saboda ta idonsa muke kallo. Alhali tun a Newport an nuna mana ita a gasar harbin kibiya, ta ja baka cikin farar riga tana murmushi ta soke tsakiyar abin hari ta ci kyauta. Darakta ya gaya mana ko wace ce ita ƙarara, mu ne bamu ji ba.

Ga yadda ta ƙare wasan. Newland da Ellen sun haɗu a gidan adana kayan tarihi, ta amince za ta zo masa sau ɗaya sannan ta koma Turai, ya aika mata makulli a ambulan. Kwana kaɗan makullin ya dawo masa a rufe ba a taɓa ba, sai labari ya zo wai Ellen za ta koma Turai gaba ɗaya, kakar za ta riƙa ba ta kuɗin da za ta zauna da kanta ba sai ta koma wa mijin ba. May tace ita za ta shirya mata liyafar bankwana, babbar liyafarsu ta farko a matsayin ma'aurata. Aka cika tebur da manyan gari, har da waɗanda suka ƙi zuwa waccan liyafar ta farko, kowa yana yabon Ellen yana mata fatan alheri. Newland yana zaune a tsakiyarsu kyamara tana zagaya fuskoki, sai abin ya faɗo masa, duk mutanen nan sun daɗe da yanke cewa shi da Ellen suna tare, sun daɗe suna kallonsa, sun haɗa kai sun tsaya bayan matarsa ba tare da ko ɗaya ya furta ba, kuma wannan cin abincin shi ne bikin korar Ellen daga dangi. Har matarsa ta sani. Abin da ya fi ciwo shi ne hukuncin laifin da bai kai ga aikatawa ba aka yi masa, kuma babu wanda zai iya cewa ku tsaya ku ji, tunda babu wanda ya zarge shi da komai.

Bayan baƙi sun watse ya zauna da May a ɗakin karatu yana kame-kame wai ya gaji, yana son ya yi doguwar tafiya, Indiya ko Japan. Kowa ya san inda zai nufa. May ta miƙe daga kujera, kuma yadda aka ɗauki miƙewar nan sai ka ga kamar ta cika ɗakin, ta zo ta durƙusa ta ɗora kai a gwiwarsa tace ai ba zai yiwu ba sai dai in da ita, kuma bata jin likitoci za su bar ta, don yau ta tabbatar tana da ciki. Ya tambaye ta wa ta gaya wa, tace mahaifiyarta da tasa, sai kuma Ellen. Yace amma ai hirarku da Ellen sati biyu kenan, ke kuma kin ce yau kika tabbatar. Ta ɗago ido tace eh, lokacin bata tabbatar ba amma ta ce mata ta tabbatar, kuma ga shi ta yi gaskiya. A nan Yaya ta tafa hannu tace "ka ji kissa, wannan ko a gidan sarauta sai haka."

Mun yi gardama da Yaya a kan wurin nan sosai. Ni nace ƙarya dai ƙarya ce, ta yi amfani da cikin da bata tabbatar ba ta kori 'yar uwarta daga ƙasa. Yaya tace to me kake so ta yi, ta zauna tana kallo mijinta ya bi 'yar uwarta ya bar ta da abin kunya a gari? Ta ba shi dama kafin aure ya ƙi ɗauka, bata yi masa ihu ba, bata tona masa asiri ba, bata kai ƙararsa wajen kowa ba, da makamin da aka bar mata kaɗai ta yi yaƙi. Na kasa ba ta amsa, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban gama yanke wa May hukunci ba. Abin da na tabbatar kawai shi ne ba sakarya ba ce, kuma mijin da ya zauna da ita shekara da shekaru yana mata kallon sakarya shi ne bai san da wa yake zaune ba.

Sannan ga munafuncin garin da fim ɗin ya tona ba tare da wa'azi ba. Julius Beaufort mai banki kowa ya san yana da dadiro, amma ana cika gidansa duk shekara ana rawa saboda yana da kuɗi da babban zaure, ba a juya masa baya ba sai da bankinsa ya karye. Larry Lefferts, wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan tarbiyya da mutuncin aure, shi ne ya fi kowa bin matan mutane. Su maza ne, an rufa musu. Ellen da bata yi komai ba sai gudu daga mijin da ya cuce ta, ita aka sa wa ido.

Ta ɓangaren aiki kuwa, kai, an kashe kuɗi kuma an ga inda suka shiga. Fim ɗin ya samu shiga takarar Oscar a wuri 5, jaruma mai taimakawa, rubutun labari da aka ɗauko daga littafi, kiɗa, tsara wuraren ɗauka, da sutura, ya ci ɗaya, na sutura, wanda Gabriella Pescucci ta yi. Shekarar fim ɗin Schindler's List ce, shi ya kwashe sauran ukun na rubutu da kiɗa da tsara wuri, don haka ba abin mamaki ba ne. Miriam Margolyes da ta fito a kakar, tsohuwa mai ƙiba da ta kasa hawa bene ta dawo da gadonta ƙasa tana mulkin dangi daga kan kujera da 'yan karnukanta, ta ci BAFTA, kyautar finafinai ta Birtaniya, kuma duk sin ɗin da ta fito sai ka ji iska ta shigo fim ɗin. Kyamarar Michael Ballhaus bata zama wuri ɗaya, tana bin faranti da cokula da safar hannu da zanen bango, da farko na ce wannan nuna kayan duk na mene ne, daga baya na gane ai kayan su ne katangar gidan yarin, mutanen nan ko cokalin da za ka ɗauka akwai doka a kansa. Kiɗan Elmer Bernstein ma ya zauna daidai. Shi kansa Scorsese ya leƙo a matsayin mai ɗaukar hoton biki, in ka san fuskarsa za ka gane shi.

Inda fim ɗin ya gaza a wajena, na farko tsawo da jan ƙafa. Awa 2 da minti 19 ne, kuma minti 30 na farko sunaye ne ake ta jero maka, wane ɗan wane, wance jikar wance, in ba ka kunna rubutun ƙasa ba za ka ɓace, Turancin ma na da ne mai lanƙwasa. Na biyu muryar mai ba da labarin, Joanne Woodward ce kuma muryar tana da daɗi, amma wani lokacin tana gaya maka abin da idonka ya riga ya gani, musamman a liyafar bankwana da na so a bar fuskokin su yi magana da kansu ko na minti ɗaya. Na uku, shekarun bayan tafiyar Ellen an dunƙule su cikin 'yan mintuna, kyamara tana zagaya ɗaki ɗaya ana cewa an haifi wane, an aurar da wance, May ta rasu da ciwon nimoniya da ta ɗauka wajen jinyar ƙaramin ɗansu. Matar da ta riƙe fim ɗin gaba ɗaya sai a kashe ta a jimla ɗaya, wannan ya min ciwo. In maki ake so ni 8 cikin 10 zan ba shi. Wanda yake neman faɗa da tsere ko soyayyar da za a ƙare da biki kada ya ɓata datarsa, kuma ba fim ɗin da za ka kalla kana danna waya ba ne, in ka kau da ido ka rasa kallo ɗaya da May ta yi to ka rasa rabin sin ɗin.

Ƙarshen a Paris ne. Newland yana da shekara 57, babban ɗansa Ted ya ja shi tafiya, kuma shi Ted ɗin 'yar Beaufort zai aura, 'yar dadiron nan tasa da a da ko sunanta ba a kamawa a gaban mutane, yanzu babu wanda ya damu. Ted yace ya shirya musu ziyara wajen Madam Olenska, sannan ya gaya wa uban cewa kwana ɗaya kafin mahaifiyarsu ta rasu ta kira shi tace ta san suna cikin aminci a hannun babansu, domin akwai lokacin da ta roƙe shi ya bar abin da ya fi so a duniya kuma ya bari. Newland ya yi shiru yace bata taɓa roƙona ba. A nan na ga idon Yaya ya kawo ruwa, ni ma na kasa haɗiye abin da ya tokare min wuya, don duk tsawon shekarun nan yana zaton shi kaɗai yake ɗauke da kayansa babu wanda ya sani, ashe wadda take kwana kusa da shi ta sani, ta kuma tausaya masa, bata taɓa ɗaga maganar ba.

Suka isa ƙofar gidan, May ta rasu, mijin Ellen ma ba shi ne matsala ba yanzu, babu sauran mai hana shi. Yace wa Ted ya hau shi kaɗai, in ta tambaya yace mata babansa mutumin da ne. Ya zauna a benci yana kallon tagar bene, hasken rana ya bugi gilashin ya haska masa ido, sai ya ga bakin ruwan Newport, wannan karon ta juyo tana murmushi. Mai aiki ya fito ya rufe tagar, shi kuma ya tashi da sandarsa ya bi titi ya tafi.

Yaya tace daidai ya yi, hawan da zai yi cin amanar marigayiya ne bayan abin da ya ji daga bakin ɗansa. Ni kuma nace tsoro ne irin na bakin ruwa, ya sake jiran taga ta yanke masa. Ta tafi ranar Lahadi bamu daidaita ba, jiya ma ta turo min saƙo wai in sake kallon fuskarsa lokacin da yake tashi daga bencin in gaya mata ko na ga tsoro a wurin.